Yabo da Zambo a Bakin Kyamara: Nazari a Kan Rayuwa da Ayyukan Richard Avedon (1923–2004)

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin waƙoƙin fada sun daɗe da sanin cewa makaɗin da ya iya yabo shi ne ya iya zambo, domin da baki ɗaya da taushi ɗaya yake yin su duka biyu. Yakan ɗaukaka ubangidansa har ya kai shi inda bai kai ba, sa'an nan ya juya kan abokin hamayyar ubangidan ya siffanta shi ta yadda jama'a ba za su sake ganinsa ba sai sun tuna da siffar. Ba a taɓa jin manazarci ya ce yabon ƙarya ne zambon kuwa gaskiya ba, saboda an san dukansu ginin mawaƙi ne. Da wannan fahimta ce wannan maƙala za ta duba ayyukan Richard Avedon, Ba'amurke mai ɗaukar hoto, wanda ya yi shekara 60 yana ɗaukar hotunan shahararrun mutane da hotunan talla.

Al'adar masu sharhi ce su kasa aikin Avedon kashi biyu. Kashi na farko shi ne hotunan tufafi da turare da kayan kwalliya, waɗanda akan ce ya yi su don neman abinci. Kashi na biyu shi ne hotunan fuskokin mutane a gaban farin bango, waɗanda akan ce a nan ne ya ajiye kwalliya ya faɗi gaskiya. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne cewa wannan rabo bai tsaya da ƙafafunsa ba. Dabarar da Avedon ya sayar da riga da ita, da ita ya tuɓe wa manya rigar girma, kuma tambayar da ta kamata a yi wa kowane hoto nasa ita ce: wane ne ke gaban kyamarar, kuma yana da bakin ramawa?

2.0 Tasowarsa

An haifi Richard Avedon a birnin Niyok ranar 15 ga watan Mayu, 1923. Mahaifinsa, Jacob Israel Avedon, Bayahude ne da aka haifa a ƙasar Rasha, ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya tashi cikin talauci har ya kai ga buɗe kantin tufafin mata a titin Fifth Avenue. Kantin ya durƙushe a zamanin karyewar tattalin arziki da ta biyo bayan 1929. Watau yaron ya tashi a gidan da ake sanin darajar yadi da ɗinki, ake kuma sanin yadda arziki ke gushewa a bar mutum da tufafinsa kawai.

Akwai wani labari da Avedon ya bayar da kansa game da hotunan gidansu, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Ya ce in za su ɗauki hoto sai su ci ado, su je su tsaya gaban motar wasu ko ƙofar gidan wasu, su ari kare su riƙe, alhali ba su taɓa mallakar kare ba. Da ya girma ya ƙirga karnuka 11 daban-daban a hotunan shekara guda. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, to amma abin da yaron ya koya daga karnukan aro shi ne cewa hoto wasa ne da ake shiryawa, kuma abin da mutum ya ara don ya fito da shi yana faɗin abin da yake buri fiye da abin da ya mallaka.

A makarantar sakandare ta DeWitt Clinton ya yi aikin shirya mujallar adabi ta ɗalibai tare da James Baldwin, baƙar fata wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan Amurka. A lokacin waƙa Avedon yake rubutawa. A 1942 ya shiga rundunar jiragen ruwan dakon kaya ta Amurka, inda aka ba shi aikin ɗaukar hotunan katin shaida na ma'aikatan jirgi. Dubban fuskoki ya ɗauka a cikin shekara biyu, kowace tana kallon gaba, ba ado, ba murmushi, ba kome a bayanta. Ya kamata a riƙe wannan, domin salon da ya yi suna da shi bayan shekara 25 jikan wannan katin shaida ne.

Da ya bar aikin jirgi a 1944 sai ya shiga ajin Alexey Brodovitch, mai tsara shafukan mujallar Harper's Bazaar, wanda ya gane hazaƙarsa ya ja shi cikin mujallar. Ya yi shekara 20 a can, daga 1945 zuwa 1965, sa'an nan ya bi edita Diana Vreeland zuwa mujallar Vogue a 1966, inda ya yi fiye da shekara 20 kuma.

3.0 Yabo: Hotunan Tufafi da Talla

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin hotunan tufafi a ɗaki ake ɗaukarsu, mace ta tsaya ƙiƙam kamar gunki don a ga faɗuwar yadi. Martin Munkacsi, mutumin Hungary, shi ne ya fara sa masu tallan tufafi gudu da tsalle a fili, Avedon kuma bai ɓoye cewa daga gare shi ya ɗebo ba. Abin da ya ƙara shi ne labari. Tun daga 1947, da aka fara tura shi Faris don ɗaukar sababbin ɗinkunan Christian Dior da takwarorinsa, sai ya riƙa fitar da matan kan titi, cikin 'yan wasan tsalle-tsalle da masu shan gahawa da gidajen caca, ta yadda mai kallo zai ji kamar ya tarar da rayuwa tana gudana. Faris ɗin kuwa ba ta daɗe da fita daga mamayar Jamus ba, ana cikin ƙarancin abinci da makamashi. Birnin annashuwa da ke cikin hotunan shirya shi aka yi, da fitilu da 'yan haya, kamar yadda aka shirya karnukan aro.

Hoton da ya fi kowane shahara a wannan fanni shi ne na watan Agusta 1955, wanda ya ɗauka a gidan wasan dabbobi na Cirque d'Hiver a Faris. Wata mai tallan tufafi da ake kira Dovima tana tsaye tsakanin giwaye, sanye da doguwar baƙar riga mai farar ɗamara ta kamfanin Dior, wadda Yves Saint Laurent ya zana yana ɗan shekara 19. Hannunta ɗaya yana kan hancin giwa, ɗayan a miƙe zuwa ga wata giwar. Ƙarfin hoton yana cikin gwama abubuwan da ba sa haɗuwa: santsin yadi da kaushin fata, siririn jiki da tulin nama, farar ɗamara da ta zubo kamar yadda hancin giwa ya zubo. Amma mai lura zai ga sarƙa a ƙafafun giwayen, Avedon kuwa bai ɓoye ta ba. Ko a tsakiyar yabo ya bar ƙofar da mai kallo zai tambayi kansa ko giwayen kaɗai ne aka horar don nishaɗin jama'a. An sayar da babban bugu na wannan hoto a gwanjon Christie's na Faris a 2010 a kan kuɗi fiye da dala miliyan ɗaya.

Sunansa ya kai inda a 1957 aka yi fim mai suna Funny Face, wanda Fred Astaire ya fito a matsayin mai ɗaukar hoto da aka gina a kan halayen Avedon, tare da Audrey Hepburn. Daga nan kamfanoni suka yi ta neman sa. Ya yi wa Revlon talla, ya yi wa Versace na kusan shekara 20. Ba duka ne suka wuce lami lafiya ba. A 1980 ya shirya wa Calvin Klein tallan wando na talabijin da Brooke Shields, yarinya 'yar shekara 15, cikin kalamai da motsi masu harshen damo, har wasu tashoshin Niyok suka ƙi sa shi. Wannan aibi ne da gwaninta ba ta wanke shi, kuma yana nuna cewa idon da ya iya gano abin da zai kama zuciyar mai kallo ba kullum yake tambayar wa zai biya kuɗin kamun ba.

Duk da haka, yabon nasa ya taɓa yin amfani. A 1959 ya nace sai Harper's Bazaar ta buga hotunan China Machado, wadda ba farar fata ba ce, a lokacin da masu mujallar ke tsoron fushin masu saye na kudancin Amurka, har ya yi barazanar barin aiki. A fitowar Afrilu 1965 da aka ba shi ya shirya, ya sa Donyale Luna, baƙar fata. A ƙasar da ake ware jinsi, shigar da mutum cikin waɗanda ake yaba wa kyau hukunci ne na siyasa.

4.0 Zambo: Manya a Gaban Kyamara

Tun yana tsakiyar aikin tufafi Avedon ya fara ɗaukar fuskokin fitattun mutane ta wata hanya dabam. Misalai biyu daga shekarar 1957 sun isa su nuna yadda yake aiki.

Na farko shi ne hoton tsohon Sarkin Ingila Edward na 8, wanda ya yi murabus a 1936 don ya auri Wallis Simpson, tare da matar tasa, a masaukinsu na otal ɗin Waldorf Astoria. Mutane ne da suka saba da kyamara, suna da murmushin da suka tanada dominta. Avedon ya san suna son karnuka ƙwarai, saboda haka, bisa ga labarin da ya bayar da bakinsa, sai ya ce musu motar hayar da ta kawo shi ta take wani kare a hanya. Fuskokinsu suka faɗi, shi kuwa ya danna. Abin da duniya ta gani shi ne tsofaffi biyu masu tamoji da idanun nadama, aka yi ta fassara shi da cewa ga sakamakon wanda ya bar gadon sarauta. Alhali kuwa baƙin cikin kare ne, karen ma na ƙarya. Hoton ya kama wani abu da ya faru a fuskokinsu, wannan ba shakka, amma ma'anar da aka ɗora masa mai ɗaukar ne ya ƙera ta.

Na biyu shi ne hoton Marilyn Monroe na ranar 6 ga Mayu. Ta yi sa'o'i tana rawa da waƙa da fari da ido a ɗakin ɗaukar hotonsa, watau tana yin aikin da aka san ta da shi. Da ta gaji sai ta zauna a gefe, kafaɗu a sake, ido ya tafi wani wuri. Avedon ya ce ya matso da kyamara, ya ga ta gan shi ba ta hana ba. A nan ba a yi wa kowa ƙarya ba, kuma tausayi ya fi zambo yawa a hoton. Sai dai zaɓi yana nan: daga cikin ɗimbin hotunan daren, wannan guda ne aka ɗaga aka ce shi ne ainihin matar, musamman bayan rasuwarta a 1962. Ba abin da ya tabbatar da cewa gajiyar minti ɗaya ta fi rawar sa'o'i zama gaskiya, illa dai mutane sun fi yarda da baƙin ciki.

A 1964 ya fitar da littafin Nothing Personal tare da rubutun abokinsa Baldwin, a tsakiyar gwagwarmayar 'yancin baƙar fata. A ciki ya jera Gwamna George Wallace mai kare wariya, da shugaban jam'iyyar Nazi ta Amurka, da Malcolm X, da majinyatan wani asibitin masu taɓin hankali a jihar Louisiana, da wani tsoho da aka haifa cikin bauta, wanda fuskarsa ta cika shafi. Avedon yana da ƙanwa da ta yi fama da taɓin hankali, ita ce kuma farkon wadda ya riƙa ɗauka hoto yana yaro, saboda haka shigarsa asibitin ba yawon buɗe ido ba ne. Amma Robert Brustein ya yi wa littafin kaca-kaca a mujallar New York Review of Books, yana ganin rashin dacewa ne a sayar da wahalar talakawa cikin littafi mai tsada da ƙyalli. Wannan suka ta bi Avedon har ƙarshen rayuwarsa.

Daga 1969 ya koma amfani da babbar kyamara ta Deardorff mai fim na inci 8 da 10, wadda ake kafawa a kan ƙafafu. Amfaninta biyu ne. Tana fito da kowane gashi da kowane ƙurji, sa'an nan mai ɗauka ba ya ɓuya a bayanta, a gefenta yake tsayawa ido da ido da wanda ake ɗauka. Ya ƙara da farar takarda a baya, ya bar baƙin gefen fim ɗin ya fito a bugu kamar shaidar cewa ba a yanke kome ba. Farin bango yana raba mutum da ofishinsa da littattafansa da fadawansa, duk abin da zai ara ya tsaya gabansa. Amma a lura, a gaban irin wannan farin bango ne ake ɗaukar kwalbar turare don kada wani abu ya raba hankalin mai saye. Dabarar talla ce aka juyar.

Inda wannan salo ya fi dacewa shi ne aikin da ya yi wa mujallar Rolling Stone a 1976, shekarar zaɓe kuma shekarar cikar Amurka 200 da 'yanci. Ya ɗauki hotuna 69 na masu riƙe da ƙasar, ya kira su The Family, watau dangi guda: Gerald Ford da Jimmy Carter da Ronald Reagan da George Bush, wanda ke shugabancin hukumar leƙen asiri a lokacin, da shugabannin kamfanoni da na ƙwadago. Bai rubuta sharhi ba. Ya bar yadda kowa ya rasa inda zai sa hannunsa ya yi magana. Ya ce Henry Kissinger, kafin a ɗauke shi, ya roƙe shi da ya tausaya masa. Mutumin da ya juya siyasar duniya ya san cewa a wannan ɗaki ba shi ne mai iko ba. Irin wannan zambo halal ne a fasaha, domin waɗanda aka yi wa suna da jaridu da masu magana da yawunsu da dubban wasu hotuna da za su rama musu.

Tsakanin 1969 da 1973 kuma ya ɗauki mahaifinsa yana tsufa, ciwon daji yana cin sa har ya rasu, aka nuna hotunan a Gidan Fasahar Zamani na Niyok a 1974. Tsohon ya ji zafin hotunan farko da ya gani, domin shi mutum ne na kwat da murmushin kanti, har ɗan ya rubuta masa wasiƙa yana bayani. Wannan ya nuna Avedon bai keɓe na gida daga hukuncinsa ba. Ya kuma nuna cewa wanda aka ɗauka yana iya ƙin hoton, in yana da kusancin da zai faɗa.

5.0 Talakawan Yammacin Amurka

A 1979 gidan adana kayan fasaha na Amon Carter da ke Fort Worth a jihar Texas ya ba shi aikin ɗaukar mutanen yammacin Amurka. Ya yi shekara biyar, zuwa 1984, yana zagaya jihohi 17 da garuruwa 189, ya ɗauki mutum 752, aka zaɓi kimanin 120 aka nuna a 1985 da sunan In the American West. Yakan manna farar takarda a jikin bango ko mota, a inuwa, ya tsayar da mutum. Ga masu haƙar kwal da baƙi ya rufe su, ga ma'aikatan rijiyar mai, ga mahauta, ga 'yan gararamba marasa gida, ga yaro ɗan shekara 13 riƙe da macijin da ya feɗe. An wanke hotunan manya-manya, wasu sun fi mutum girma.

Dole a yaba wa aikin ta fuska guda. Yammacin da fina-finan kaboyi da tallan sigari suka sayar wa duniya ƙasa ce ta jarumai a kan dawaki, Avedon kuwa ya nuna waɗanda ke aikin da ƙasar ke ci, ya ba su girman bango da a da sai sarakuna. Masu kare shi sun tsaya a nan.

Sai dai akwai hoton da ke tona yadda aka yi aikin. Shi ne na mai kiwon zuma da aka ɗauka a Davis ta jihar Kalifoniya a watan Mayu 1981: mutum fari fat, ba gashi a kansa, ba riga, ƙudan zuma sun lulluɓe masa ƙirji da wuya. Avedon ya riga ya zana siffar a takarda kafin ya sami mutumin. Sanarwa ya bayar a mujallar masu kiwon zuma yana neman wanda zai dace, wanda aka samu kuwa daga wajen Chicago yake, ba mutumin yamma ba ne. Aka kawo shi, aka shafa masa sinadarin da ke jawo ƙudan zuma, aka ɗauka. Wannan ita ce hanyar da aka bi aka yi Dovima da giwaye, ba bambanci: a yi tunanin siffa, a nemo mai fitowa, a gwama santsi da abin tsoro. Avedon bai yi musun haka ba, domin a gabatarwar littafin ya bayyana cewa hoton mutum ra'ayin mai ɗauka ne.

Matsalar ita ce mai kallo ba ya karɓar hotunan a matsayin ra'ayi. Sunan aiki da gari da kwanan wata da ke ƙarƙashin kowane hoto, da baƙin gefen fim, duk suna cewa shaida ce. Masu suka irin su Max Kozloff sun ga cewa baƙo ne daga Niyok ya zaɓi naƙasa da datti da gajiya ya kira su yanki guda. Kissinger yana da inda zai rama. Mai haƙar kwal kuwa wannan hoto shi ne kaɗai abin da duniya za ta sani game da shi, an kuma raba shi da gidansa da iyalinsa da rigar da yake sawa ranar hutu, watau abubuwan da talaka ke tsayawa gabansu ya ce ga ni. Makaɗin fada ma ya san 'yan sarki ake yi wa zambo, masu neman abin da ubangidansa ke riƙe da shi, ba a yi wa mai kawo itace.

6.0 Kammalawa

A 1992 Avedon ya zama mai ɗaukar hoto na farko da mujallar The New Yorker ta ɗauka aiki na dindindin. Gidan fasaha na Whitney ya yi bajekolin ayyukansa na shekara 50 a 1994, na Metropolitan kuma ya nuna hotunan fuskokinsa a 2002. Ya rasu ranar 1 ga Oktoba, 2004, a San Antonio ta jihar Texas, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 81, yana tsakiyar ɗaukar hotunan wani aiki a kan zaɓen shugaban ƙasa na shekarar.

A taƙaice, wannan nazari ya nuna cewa Avedon mai talla da Avedon mai farin bango mutum ɗaya ne da dabara ɗaya, watau shirya abin da za a gani da zaɓen daƙiƙar da za ta wakilci mutum. Inda ya fi ƙarfi shi ne inda ya juya dabarar kan masu iko, ko inda ya shigar da waɗanda aka ware cikin da'irar yabo. Inda ya fi rauni shi ne inda wanda ke gabansa yaro ne ko talaka ko majinyaci. Ga malamai da ɗaliban adabi, amfanin ayyukansa shi ne suna koyar da cewa hoto ma matani ne mai jigo da salo da mai magana, kuma ana feɗe shi da tambayoyin da ake yi wa waƙa: wa ya yi, don wa, a kan wa, wa kuma ya biya.